Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Hukumar Kiyaye Haɗurra: A Sa Mai Keke Cikin Dokar Maye

Zuwa ga Shugaban Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

Na rubuto ne a kan wani mai amfani da titi da hukumarka ke kwaɗaita wa jama'a su yi koyi da shi, amma dokar maye ta tsallake shi. Mai keke nake nufi, keken feda da sarƙa, ba mai ƙafa uku ba.

Ka fi ni sanin cewa keke ya dawo titi. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, amma kafin 2024 ta ƙare ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama. Malamin firamaren da ya jingine Phoenix ɗinsa a zaure shekara da shekaru ya karkaɗe masa ƙura, ya kai wa mai gyara an ɗaure birki an sa sabuwar taya. Maiduguri ma ba ta jira tsadar mai ba, tun da aka hana hawa babur a 2011 kekuna suka cika gari. A Abuja da Legas da Kaduna kuma ga masu kekunan tsere da hular kwano, suna fita ayari-ayari da asubar Asabar. Hukumarka na cikin masu murna da wannan, tana fita gangami duk 3 ga Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa keke tun 2018. Ni ma ina murna, don keke nake hawa. Amma wanda ya gayyato mutane kan titi, wajibinsa ne ya faɗa musu ƙa'idar titin gaba ɗaya.

Dokar 2007 da hukumar ke aiki da ita ta yi magana ƙarara a kan maye. Duk wanda ya tuƙa abin hawa mai inji, ko ya yi yunƙurin tuƙawa, alhali barasar da ke jininsa ta wuce giram 0.5 a kowace lita, ko abin da ya sha ya hana shi sarrafa abin hawan, ya yi laifi, kuma ta yanka masa tarar naira 5,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba. To keke ba shi da inji. Saboda haka idan jami'inka na sintiri ya hango mutum da magariba yana layi da keke, ya shiga tsakiyar kwalta ya dawo gefe ya sake shiga, sashen da zai kama direban mota da shi bai ambaci wannan mutumin ba. Ba lasin da za a karɓe, ba lambar da za a rubuta. Ko dai jami'in ya daka masa tsawa ya bar shi ya wuce, wanda sakaci ne da rai, ko ya yi masa abin da doka ba ta ba shi iko ba, wanda ƙofar zalunci ce.

Idan aka buɗe Tsarin Mulkin 1999 sai abin ya ƙara cakuɗewa. Jadawali na huɗu ya damƙa wa ƙananan hukumomi yi wa kekuna lasi, tare da kwale-kwale da baro da amalanke, kuma jadawalin nan dai shi ya ba su ikon ba da lasin sayar da barasa da sa ido a kai. Keken da rumfar da ake sha duk suna hannun matakin gwamnatin da ya fi kowane rauni, titin da ake mutuwa a kansa kuwa yana hannunka. Dattawa na tuna zamanin En'e, lokacin da ake yankar lasin keke, ɗan doka kuma ya kama ka idan dare ya yi ba ka da fitila. Ba cewa nake a dawo da harajin keke ba, abin da talaka ke biya ya ishe shi. Amma a wancan lokacin hukuma ta san da zaman mai keke.

Na san abin da wasu 'yan uwana za su ce, wai a Arewa ai an gama wannan magana. Tun daga Zamfara a 2000 jihohi 12 suka ɗauki shari'ar Musulunci, bulala 80 ce ga Musulmin da ya sha giya, Hisba a Kano kuma tana farfasa kwalabe a bainar jama'a. Ni Musulmi ne, ba ni da tababa a kan haramcin giya. Sai dai tambayar alƙali daban, ta jami'in titi daban. Alƙali yana so ya san ko mutum ya sha abin da aka hana shi. Jami'in titi kuwa abin da ya dame shi, mutumin nan da ke gabansa, ko mene ne addininsa, zai iya kai kansa gida yanzu ba tare da ya faɗa ƙarƙashin mota ba? Titunanmu ba ta gari iri ɗaya suke bi ba. Akwai inda burkutu abin sha ne na al'ada da ake dafawa a gida a sayar ranar kasuwa, akwai goskolon da ke cin matasa a Filato, akwai Sabon Gari da mamin bariki. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, inda aka hana ma ana sha a ɓoye, mai sha a ɓoye kuwa ya fi shiga haɗari. Da sauri yake kwankwaɗa don kada a gan shi, sai dare ya yi zai fito, lungu da bayan gari yake bi inda ba fitila, idan kuma ya faɗi danginsa za su ce rami ne ko santsi.

Wata ranar kasuwa na tsaya hutawa a wani ƙauye da ke bakin babban titi, rana ta yi ja. Bayan kasuwar akwai rumfar zana, mata na ɗibar burkutu daga tulu suna zubawa a ƙoƙo, kekuna kuma jingine a gindin ɗorawa. Wani magidanci ya fito, ya ɗaure buhun taki a kariya da igiyar roba, ya rataya galan ɗin kananzir a kan keken, ya ɗora ɗansa ƙarami a ƙarfen gaba. Ya cilla ƙafa zai hau sai ta daki buhun, ya dafe ƙasa. Ya sake gwadawa, ya hau, keken ya karkata hagu ya karkata dama kafin ya miƙe. Ba fitila a gaba, ba jar alama a baya, ga tirelolin siminti na wucewa a guje, iskarsu kaɗai na kaɗa mutum. Na yi wa abokan zamansa magana, sai ɗayansu ya ce da ni, "Malam, ai keke ne, ba mota ba." To a nan gizo ke saƙar, kuma ba a ƙauye kaɗai ake faɗar haka ba. Na ji irinta a bakin 'yan boko a birni, bayan an gama zagayen Asabar an zauna a lambun shaƙatawa an sha kwalba biyu-uku, sannan kowa ya hau kekensa mai tsada ya nufi gida ta tsakiyar motoci.

Gaskiya ne bugaggen mai keke ba zai hallaka bas cike da fasinja ba. Amma ta wani ɓangaren keke ya fi mota buƙatar hankali. Mota na tsaye da ƙafa huɗu ko da direbanta ya yi barci, keke kuwa mahayinsa ne ke tsayar da shi, kowace daƙiƙa jiki na gyara karkata da ɗan motsin hannu da ƙugu wanda mutum bai ma san yana yi ba. Cikin kunne da ido da ƙwaƙwalwar ƙeya ne ke wannan aiki, kuma barasa ba ta daɗewa ta taɓa su. Tana rage saurin kai hannu birki, sannan ta ba mutum ƙarfin halin ƙarya har ya ga zai iya tsallake titi kafin motar ta iso. Masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins sun duba masu keken da suka mutu ko suka ji mummunan rauni a jihar Maryland ta Amurka, suka buga sakamakon a 2001. Wanda barasar jininsa ta kai giram 0.8 a lita, haɗarinsa ya ninka na wanda bai sha ba sau 20. Wanda tasa ta kai 0.2 kacal, abin da kwalba ɗaya ke iya kaiwa, nasa ya ninka fiye da sau 5. A Amurka ke nan, inda akwai fitilun titi da motar asibiti. Kuma ba kansa kaɗai yake cuta ba. Akwai goyon da ya ɗauko, akwai tsohuwar da zai banke, akwai direban da zai kauce masa ya afka wa wasu.

Ranka ya daɗe, bari in juya ga wasan tsere, don a can aka fi daɗewa ana gwada wannan haɗin, kuma an ga inda ya kai. Gasar zagayen Faransa, Tour de France, da aka fara a 1903, ta yi shekaru fiye da 60 giya na cikin guzurin 'yan tserenta. Har shekarun 1960 ƙa'ida ta taƙaita ruwan da za a miƙa wa ɗan tsere, an kuma yi imani cewa yawan shan ruwa na kashe ƙarfi. Saboda haka yaran tawaga kan dira daga keke su faɗa shagon sha da ke bakin hanya, su kwashi duk kwalbar da hannu ya kai, su cusa a aljihun riga su bi ayari. Abin da aka samo shi ake sha, lemo ne ko giya ko barasa mai ƙarfi.

A 1950 wani ɗan Aljeriya, Abdel-Kader Zaaf, ya tsere wa ayari shi da ɗan ƙasarsu Marcel Molinès a zangon Perpignan zuwa Nîmes, ana tsananin zafi. Kafin su isa ya fara layi, ya zube, 'yan kallo suka kwantar da shi a gindin bishiya. Da ya farfaɗo ya hau keke ya nufi inda ya fito. Labarin da ya bazu shi ne giyar inabi aka miƙa masa ya sha, shi kuwa Musulmi ne bai saba ba. Wasu suka ce yayyafa masa aka yi don ya farfaɗo, warin ya kama jikinsa, abin da ya kayar da shi zafi ne da ƙwaya. Turawa sun yi shekaru suna ba da labarin suna dariya. Ni abin da nake gani a ciki mutum ne da ya kusa mutuwa a gefen titi, kuma ba wanda ya riƙe shi da zai sake hawa.

Ranar 13 ga Yulin 1967 ba wanda ya yi dariya. Tom Simpson, ɗan Ingila mai shekara 29, zakaran duniya na 1965, yana fama da ciwon ciki kwana da kwanaki amma ya ƙi janyewa. A zango na 13, daga Marseille zuwa Carpentras, hanya ta bi ta dutsen Ventoux mai tsayin mita 1,900 da 'yan kai, wanda samansa farar tsakuwa ce fetal, ba inuwar ko da ta kara. Kafin a fara hawa ya kurɓi barasa mai ƙarfi, a jikinsa kuma akwai ƙwayar amfetamin. Ana dab da ƙololuwa ya fara yawo daga wannan gefe zuwa wancan, ya faɗi. Aka ɗaga shi aka mayar kan sirdi, ya ɗan ƙara gaba, ya sake faɗuwa hannuwansa a ƙanƙame da kan keke. Likitan gasar, Pierre Dumas, ya yi ta ƙoƙarin dawo masa da numfashi a kan tsakuwar, jirgi mai saukar ungulu ya kai shi asibitin Avignon, amma rai ya yi halinsa. An sami 'yan kwalaben ƙwaya a aljihun rigarsa, binciken gawa kuma ya nuna amfetamin da barasa. Barasa na sa yawan fitsari ta tsotse ruwan jiki, ƙwayar kuma ta hana mutum jin gargaɗin da jikinsa ke yi masa cewa ya tsaya, sai zafi ya ƙarasa aikin. Shekarar da ta biyo baya aka tashi gasar daga Vittel, garin da ya shahara da ruwan kwalba, aka kuma tsananta gwajin ƙwaya.

Duk da haka barasa ba ta bar wasan ba. Babbar gasar Holan, Amstel Gold, sunan giya take ɗauke da shi tun 1966, kuma a kan dandamali ake miƙa wa wanda ya yi nasara kofinta. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta cire barasa daga jerin abubuwan da ta haramta tun 1 ga Janairun 2018, ko kafin nan ma a wasanni huɗu kawai take haramtacciya, tseren keke ba ya cikinsu. Barasa ba ta ƙara wa ɗan tsere gudu, rage masa take yi, don haka ba maganar maguɗi ba ce, maganar tsaron rai ce. Tsaron rai a kan titi kuwa aikin wa ne in ba naka ba?

Abin da ƙungiyar tseren keke ta duniya, UCI, ta ɗauka da zafi shi ne tiramol. Ta hana shi a lokacin gasa tun 1 ga Maris ɗin 2019, saboda yana sa jiri da gyangyaɗi, kuma mutum ɗaya idan ya karkace a cikin ayarin da taya ke gogar taya, zai kwashi jama'a. A 2022 an soke matsayi na shida da Nairo Quintana na Kolombiya ya samu a zagayen Faransa saboda an ga tiramol a jininsa, WADA ma ta bi sahu daga 2024. Wannan ƙwaya ba baƙuwarmu ba ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki magungunan kashe zafi irin su tiramol suka sha. Yaron da ke kai burodi ƙauyuka a keke, da mai ɗauko itace ko gawayi daga daji, abin da ya sa Simpson ya haɗiya shi ke sa wasunsu: hanya da nisa, kaya da nauyi, jiki na neman hutu, aljihu bai yarda ba. Na'urar da ake busawa ba ta ganin tiramol, ba ta ganin kodin, ba ta ganin sholishon da ake saye da sunan faci. Duk dokar da ta tsaya ga lambar barasa kaɗai za ta kama mai burkutu ta saki mai ƙwaya.

Wasan kuma yana tasowa a wajenmu. Kigali ta karɓi gasar duniya a Satumban 2025, karo na farko a Afirka. Filin tseren keke na babban filin wasa na Abuja ya karɓi gasar Afirka a 2022, Ese Ukpeseraye kuma ta zama ta farko daga Najeriya da ta yi tseren keke a Olamfik, a Faris 2024, inda sai da tawagar Jamus ta ara mata keke. Wasan da ke fama da rashin kuɗi haka, duk wanda ya zo da tallafi za a buɗe masa ƙofa, kuma kamfanonin giya na cikin masu kuɗin talla a ƙasar nan. Tseren titi ba ya yiwuwa sai an tare hanya, jami'anka ne ke tarewa, motarku ce ke gaba da jiniya. Ga dama a hannunka. Kafin a ba da rakiya a rubuta sharaɗi cewa ba raba barasa ga mahaya a wurin tashi ko a hanya ko a wurin sauka, kuma direbobin motoci da baburan da ke bin ayari kowa ya busa na'ura kafin a tashi. Su ne ma suka fi ban tsoro, don taku kaɗan ne tsakaninsu da 'ya'yan mutane.

Ƙasashen da suka riga mu ba hanya ɗaya suka bi ba. A Birtaniya sashe na 30 na dokar titi ta 1988 ya ce laifi ne hawa keke alhali abin sha ko ƙwaya sun hana mutum sarrafa shi, tara har fam 1,000, ba a sa lamba ba, kuma ɗan sanda ba ya tilasta busa na'ura. Jamus ta sa lamba, direban mota daga 0.5 ya shiga laifi, mai keke sai 1.6, amma wanda ya kai nan ana iya tura shi gwajin likita da na hankali, idan ya faɗi ya rasa lasin motarsa. Japan ta tsananta daga 1 ga Nuwamban 2024, ɗauri har shekara uku ko tarar yen 500,000, wanda ya ba mai keke giya yana sane ma bai tsira ba.

Wadda na fi so ka duba ita ce Folan da ke gabashin Turai, don ta yi kuskuren da nake tsoron mu yi. Daga 2000 ta mai da hawa keke cikin maye babban laifi mai kai mutum kurkuku. A 2009 an ruwaito kimanin mutum 2,000 na tsare a gidajen yarinta a kan wannan, da yawansu talakawan karkara, irin wanda kotu ta hana shi hawa keke, ba shi da wata hanyar zuwa aiki, ya sake hawa, aka sake kamawa. Sai a Nuwamban 2013 aka sauko da shi ya koma ƙaramin laifi. Gidajen gyaran halinmu, inda mafi yawan mazauna jiran shari'a suke yi, ba su da wurin ajiye manomi saboda ƙoƙon burkutu. Akwai kuma wani lissafin. Idan hukuncin keke ya zo daidai da na babur da mota, mai niyyar sha zai ce tunda duk ɗaya ne bari in ɗauki mota, ka ga an ture shi daga ƙaramin haɗari zuwa babba.

Abin da nake roƙo shi ne a sa mai keke cikin dokar maye, amma a auna shi da mudun keke. A rubuta a ƙa'idojin titi na ƙasa, waɗanda hukumarka ce ta fitar da su a 2012, cewa duk wanda maye ya hana shi sarrafa keke, ko da me ya bugu, jami'i na da ikon sauke shi. Matakin farko kada ya zama kuɗi. A riƙe keken a ofis ko wurin mai unguwa a ba da rasit, a nemi wanda zai raka mutumin gida, gobe ya zo da hankalinsa ya saurari gargaɗi ya karɓi abinsa kyauta. Idan ya maimaita, ko yana ɗauke da goyo, musamman yaro, ko ya ji wa wani ciwo, sai a kai shi kotun tafi-da-gidanka. Na dage a kan kyautar nan saboda mun san halin titinmu. Duk dokar da ta ba mai kaki ikon tsayar da talaka, ta kuma sa kuɗi a tsakani, ba a daɗewa ta koma ta karɓar na goro, mai keke kuma ba shi da ƙungiyar da za ta tsaya masa. A kuma fayyace matsayin kekuna masu caji da suka fara yawa a Kano da sauran birane, masu gudun babur amma ana hawansu ba lasi ba hula.

Sai dai kada a bar jaki a koma dukan taiki. Mafi yawan masu keke a titinmu ba su sha komai ba, daga gona suke ko makaranta ko kasuwa, kuma mota ce ke kashe su. Ko minista bai tsira ba. Ojo Maduekwe, lokacin yana ministan sufuri a 2001 yana kiran 'yan Najeriya su hau keke, bas ce ta tura shi cikin kwata a Abuja. Alƙaluman hukumarka sun nuna fiye da mutum 5,000 sun mutu a titi a 2024. Ina so a duk lokacin da mota ta buge mai keke a gwada su duka biyun, a rubuta sakamakon kowanne, a kuma ƙara gurbi a takardar rahoton haɗari na lokacin da abin ya faru da ko keken na da fitila. In ba haka ba, dokar da nake roƙo za ta juya ta ci wanda aka yi ta dominsa. Da an ji ɗan wari a bakin mamaci za a ɗora masa laifin duka, mai motar ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Saƙon kuma a kai shi inda masu keke suke, rumfar mai faci da ranar kasuwa da rediyo, huɗubar Juma'a da wa'azin Lahadi. Matan da ke sayar da burkutu ma a je gare su cikin mutunci, don su ne na farkon ganin wanda bai kamata ya hau sirdi ba, kuma maganarsu ce zai ji idan suka ce ya bar keken sai gobe.

Sharaɗin rakiyar tsere da gurbin takardar rahoto sa hannunka kaɗai suke jira. Ina roƙon a fara da su kafin gangamin watannin ƙarshen shekara, lokacin da kaka ta yi, kuɗi ya shiga hannun manoma, bukukuwa suka yawaita. Gyaran ƙa'idojin kuwa a kira ƙungiyar tseren keke ta ƙasa da shugabannin ƙananan hukumomi da hukumar NDLEA a zauna a kai, kuma a ba masu gyaran keke kujera a zaman.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya kiyaye jami'anka a bakin aiki.

Naka,
Wani mai hawa keke, daga Kaduna.